Saƙon da Ya Rikice a Cikin Jini: Nazarin Lamarin Wata Malamar Firamare Mai Cutar MS a Sakkwato

Asalin lamarin

Matar da wannan rubutu ya shafa malamar firamare ce a cikin garin Sakkwato, tana koyar da lissafi a aji huɗu. Shekarunta 28 lokacin da abin ya fara, tana da aure da yara biyu, na biyun ta haife shi a tsakiyar Disamba 2020. Ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon suga, ba sikila ba ce, kuma a danginta na uwa da na uba babu wanda aka taɓa ji da irin wannan larura. Na sakaya sunanta da unguwarsu. Ni a sashen gashi da motsa jiki nake aiki, kuma sai a Afrilu 2022 ta zo hannuna. Abin da ya faru kafin nan daga bakinta na ji shi, da bakin maigidanta, da abin da ke rubuce a katunanta na asibiti.

Cutar ita ce maltiful siklerosis, wadda likitoci ke taƙaitawa da MS. Ma'anar sunan ita ce tabo a wurare da yawa, domin tabo take bari a ƙwaƙwalwa da laka da jijiyar ido. Wani likitan Faransa, Jean-Martin Charcot, shi ya fayyace ta a birnin Faris a 1868. A ƙidayar 2020, mutum miliyan 2.8 ke ɗauke da ita a duniya, mata sun ninka maza, kuma galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40 take bayyana. Ta fi yawa a ƙasashen sanyi irin su Kanada da Suwidin. A nan wajenmu ba kasafai ake ganinta ba, don haka ba ita ke fara zuwa zuciyar mai duba maras lafiya ba.

Fabrairu 2021: idon hagu

Da jan biro abin ya fara. Tana gida cikin hutun haihuwa, wata abokiyar aikinta ta kawo mata littattafan yara ta taya ta maki. Ta rufe idon dama don ta sosa shi, sai ta ga jan tawadar ta koɗe ta koma kamar ruwan ƙasa. Washegari idon hagun ya fara ciwo, musamman in ta juya shi gefe. Cikin kwana huɗu tsakiyar ganinta ya yi hazo, tana ganin gefen fuskar jaririnta amma ba ta ganin hancinsa.

A lokacin an yi arba'in, amma uwar mijinta ta ce a ci gaba da wankan jego sau ɗaya a rana saboda hunturu. Malamar ta lura da wani abu da babu wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Duk lokacin da aka fyaɗa mata ruwan zafi da ganye, idon kan ƙara dushewa har ta lalubi ƙofar banɗaki, sai ta zauna ta huce kamar rabin awa sannan ganin ya dawo inda yake. Da ta faɗa wa tsohuwar, amsar da ta samu ita ce: "Ɗiyata, jini na bai gama hita ba. A ƙara icce, ruwan ba su yi zahi ba."

Wannan abu yana da suna a likitanci. Wani likitan ido na Jamus, Wilhelm Uhthoff, ya rubuta shi a 1890. Daga baya aka gane dalilinsa: jijiyar da ta rasa rigar kitsen da ke rufe ta takan daina kai saƙo idan jiki ya ɗumama, ko da da rabin digiri ne. Kafin zuwan MRI, hoton da ke nuna cikin ƙwaƙwalwa da laka, har baho na ruwan zafi ake saka mutum a asibitocin Turai don a gwada ko MS ce. Wato a bayan ɗakinta an yi mata tsohon gwajin cutar kullum safe, sai dai babu mai karanta sakamakon.

A wani ƙaramin asibiti an auna ganin idon hagu 6/60, wato abin da lafiyayyen ido ke gani daga mita 60 sai ta matso mita 6, aka ba ta maganin ɗigawa. Mai kemis na unguwa ya ƙara mata ƙwayoyin firednisolon na sati biyu. Zuwa ƙarshen Maris gani ya dawo 6/9, kusan daidai, gida kuma ya ce maganin kemis ya yi aiki. Kumburin jijiyar ido irin wannan yakan lafa da kansa cikin makonni. Wani babban gwaji da aka buga a Amurka a 1992 ma ya nuna cewa waɗanda aka bai wa irin waɗannan ƙwayoyi a madaidaicin awo ta baki sun fi sauran samun dawowar kumburin.

Nuwamba 2021 zuwa Maris 2022: ƙafafu

Wata bakwai lafiya lau. Ta koma aji, ta yi azumi, ta yi sallah.

A farkon Nuwamba, wajen alwala, ta ji ƙafar dama ba ta bambanta ruwan randa da na buta mai ɗumi. Cikin mako ɗaya mutuwar jikin ta hau har cibiya, kamar an ɗaure ta da ɗankwali tam. Silifas ya riƙa zamewa daga ƙafarta a hanyar makaranta ba ta sani ba, sai yara sun biyo ta da shi. Fitsari ya fara matsa mata, in ya zo ba ya jira. Abin da ya fi tsorata ta kuwa a sallah yake. Ga yadda ta faɗa mini daga baya: "Malam, in na duƙa ruku'u, sai in ji kamar minjirya ta sauka bayana har yatsun ƙahwa." Wannan ma alama ce sananna ta tabo a lakar wuya.

An yi mata gwajin taifot, aka ce akwai, ta sha magani zagaye biyu. An ce sanyi ne, aka yi mata ƙaho a gadon baya. An ce iska ce, aka yi ruƙiya, ta sha rubutu. An ɗauki hoton ƙashin baya na yau da kullum, bai nuna komai ba, domin ƙashi yake nunawa ba laka ba. Wani ya ce damuwa ce irin ta mai goyo. Mutuwar jikin ta ja baya da kanta zuwa Janairu, amma ƙafar dama ba ta koma daidai ba: tana jan yatsu a ƙasa, gaban takalminta na dama ya riga na hagu cinyewa.

A ƙarshen Maris 2022, da bazara ta kama, gani ya rabu mata biyu, jiri ya hana ta tsayuwa gaban allo. Wannan karon aka tura ta wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Afrilu 2022: gano cutar

Hoton MRI ya nuna tabo tara a ƙwaƙwalwa, yawancinsu a kewayen ramukan ruwa na tsakiya, da ɗaya a gindin ƙwaƙwalwa, da gajeren tabo ɗaya a lakar wuya. Biyu daga ciki sun ɗauki ruwan allurar da ake sakawa kafin hoto, alamar cewa sababbi ne, wutar na ci. Sauran tsofaffi ne. An ɗebi ruwan laka, aka samu layukan antibodi, wato makaman da jiki ke ƙerawa don yaƙar cuta, waɗanda babu su a jininta. Gwajin HIV da na tunjere da na tarin fuka duk ba su nuna komai ba. Bisa ƙa'idojin McDonald na 2017, ma'aunin da likitoci ke bi wajen tabbatar da cutar, tabo a wurare daban-daban kuma a lokuta daban-daban, MS ce mai tashi ta lafa.

An kwantar da ita aka yi mata ƙarin ruwa na metilfirednisolon, wani sitiroyid mai sauke kumburi, miligiram 1,000 kullum har kwana biyar. Gani biyun ya tafi cikin kwana goma. A nan aka turo ta wajenmu. Ranar farko na auna tafiyarta ta mita 7.6, ta yi ta cikin daƙiƙa 11, tana dafa bango.

A wannan gaɓa dole a tsaya a dubi abin da ke faruwa a ciki, domin duk shawarar da aka yanke daga baya a kansa ta rataya.

Kowace jijiya mai kai saƙo a ƙwaƙwalwa da laka tana da riga ta kitse da ake kira mayelin, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Da rigar, saƙo kan yi gudun da ya kai mita 100 a daƙiƙa. In aka gwaguye ta, saƙon ya riƙa ɗingishi ko ya tsaya cak. A cutar MS ba wata ƙwayar cuta ce ke gwaguyar ba. Fararen ƙwayoyin jinin mutum ne da kansu, dakarun da aka ajiye don tsaron gida.

Waɗannan dakaru ba su da baki, ba su da waya. Da ƙananan sinadarai suke magana, waɗanda ake kira saitokin. Ƙwaya ta saki saitokin, wata ƙwayar mai kunnen da ya dace ta karɓa, ta aikata abin da aka ce: taho nan, hayayyafa, kai hari, ko ajiye makami. Duk wanda ya taɓa kwanciya da zazzaɓin cizon sauro ya san aikinsu a jikinsa, domin zafin jiki da ciwon gaɓoɓi da kasalar nan, saitokin irin su TNF da intalukin 1 da intalukin 6 ne ke haddasa su. Intalukin iri-iri ne, da lamba ake bambanta su, ana rubuta IL.

Ƙwaƙwalwa tana da ganuwa. Bangon jijiyoyin jininta a liƙe yake ƙam, ba kowa ke ƙetarawa ba. A harin MS, wasu daga cikin dakarun nan, masu suna ƙwayoyin T, da suka ɗauki mayelin a matsayin baƙo sukan samu zuga tun a waje. IL-12 kan mai da wasunsu masu fitar da wani saitokin mai suna intafiron gama. IL-6 da IL-23 kan raini wani rukunin mai fitar da IL-17, rukunin da sai a 2005 aka tantance shi. TNF da IL-1 kan sa bangon jijiyar jini ya yi danƙo, ƙwayoyin da ke wucewa su maƙale. IL-17 ya sassauta haɗin tubalan ganuwar. Waɗanda suka fara shiga su saki wasu ƙananan saƙonni, kemokin, masu aikin mai shela: ga ƙofa ta buɗe, kowa ya taho. Sai wani saitokin mai suna GM-CSF ya harzuƙa manyan ƙwayoyi masu haɗiya, su kuma su dira kan rigar jijiya. Ruwan allurar da ya haska tabo biyu a hotonta, ta wannan ɓarakar ya shiga.

Akwai kuma masu ba da baki, wato IL-10 da TGF-beta, waɗanda ke cewa ya isa haka. A jikin mai MS muryarsu ta yi rauni. Ba banza ba, cikin ƙwayoyin gado na farko da aka danganta da cutar bayan na HLA (masu taimaka wa dakarun jiki bambanta ɗan gida da baƙo), a 2007, biyu na ƙera kunnuwan IL-2 da IL-7 ne. Lokacin da ciwonta ya fara ma ya dace da wannan bayani. Mai ciki jikinta kan karkata wajen masu ba da baki don kada ya yaƙi abin da ke cikinta. Binciken da aka buga a 1998 kan mata 254 a Turai ya nuna hare-haren MS na raguwa sosai a watanni ukun ƙarshe na ciki, sannan su yi tsalle a watanni ukun farko bayan haihuwa. Nata ya zo a mako na takwas.

Sitiroyid ɗin da aka ƙara mata yana rufe bakin masu zuga gaba ɗaya na ɗan lokaci, ganuwa ta rufe, kumburi ya sauka. Yana gaggauta farfaɗowa, amma ba ya hana hari na gaba.

Kafin a zaɓi maganin dogon zango, likitan ya dage sai an yi wani gwajin jini, aka aika samfurin wajen jiha, aka jira mako biyar. Maigidan ya ƙosa, yana ganin ɓata lokaci ne. Dalilin likitan shi ne akwai wata cuta mai suna NMO da ke kama ido da laka ita ma, kuma rabonta a tsakanin baƙar fata ya fi na Turawa. A 2004 aka gano antibodin da ke bambanta ta. Kama da wane ba ta wane: a NMO, IL-6 ne uban tafiya, har an amince da maganin da ke toshe kunnensa a 2020, kuma intafiron beta da ake bai wa mai MS yana iya tsananta ta. Sakamako ya dawo, babu antibodin.

Yuni 2022 zuwa Yuli 2023: allurar intafiron

Aka ɗora ta kan intafiron beta, maikrogiram 44, allura a ƙarƙashin fata sau uku a mako. Shi kansa maganin saitokin ne, irin wanda jiki ke fitarwa in ƙwayar bairos ta shiga. An gano dangin intafiron a Landan a 1957, kuma nau'in beta shi ne magani na farko da aka amince da shi don rage hare-haren MS, a Amurka a 1993. Yana ƙara IL-10, yana rage zugar ƙwayoyin T, yana taimaka wa ganuwa ta tsaya. A gwaje-gwajen farko ya rage hare-hare da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Matsala ta farko zazzaɓi ce. Awa uku zuwa huɗu bayan allura sai sanyi ya kama ta, haƙora na haɗuwa, kai na sarawa. A Sakkwato wannan sunansa ɗaya. Sau uku cikin wata biyu ta sha maganin maleriya kafin likita ya sa a riƙa gwaji tukuna, gwajin kuwa bai nuna komai ba. Harshe ɗaya allurar da zazzaɓin cizon sauro ke yi wa jiki, shi ya sa amsar ta zo iri ɗaya. Aka mai da allurar dare, da farasitamol kafin a yi ta, abin ya yi sauƙi zuwa wata na huɗu.

Matsala ta biyu ajiya. Maganin yana son sanyin digiri 2 zuwa 8, a garin da bazara ke haura digiri 40 kuma wuta kan yi kwana ba ta zo ba. Da farko a firjin maƙwabta aka ajiye shi. Daga baya maigidan ya sayi kula, yana zuwa wajen masu ƙanƙara safe da yamma, yana naɗe kwalin da tawul don kada ya daskare. Na taɓa ganinsa ya buɗe kular a gabana, ƙanƙarar ta narke, kwalin na iyo, ya tsamo shi yana gogewa da bakin rigarsa yana tambayata ko ya lalace.

Ta uku kuɗi. Oda ake yi daga nesa, wata ɗaya ya fi albashinta nesa ba kusa ba. An sayar da sarƙarta ta zinari, daga baya aka sayar da fili. Sau biyu maganin ya yanke, na mako uku a Oktoba 2022 da na mako biyar a Fabrairu zuwa Maris 2023, lokacin ƙarancin takardun naira. Ba a yi gwajin ko jikinta ya ƙera antibodin da ke kashe ƙarfin allurar ba, abin da kan faru ga wasu masu amfani da ita.

A cikin wannan shekarar da ta yi kan allurar ta samu hari biyu: hannun hagu ya mutu a Disamba 2022, ƙafar dama ta ƙara rauni a Mayu 2023. Kowanne an yi ƙarin ruwan sitiroyid na kwana uku. Hoton Yuli 2023 ya nuna sababbin tabo huɗu. Tafiyar mita 7.6, wadda muka sauko da ita zuwa daƙiƙa 8 da atisaye, ta koma 12, da sanda. A daidai lokacin an cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, an saki naira ta nemi farashinta a Yuni, duk abin da ake shigowa da shi ya yi tashin gwauron zabo.

Yuli 2023: tambayar maigida

Ina wurin ranar da aka zauna sake shawara. Maigidan, wanda zuwa yanzu ya haddace sunayen nan kamar karatun allo, ya ce: "Likita, tunda kun san saƙon da ka ta da hitinar ga, mi zai hana a toshe shi mu huta?"

Likitan ya ce: "Malam, an gwada, ba sau ɗaya ba."

Tarihin da ya ba shi a taƙaice ya cancanci a faɗaɗa shi. A 1987 an bai wa masu MS 18 intafiron gama, ɗan'uwan beta a suna, bakwai daga cikinsu suka samu hari cikin ɗan lokaci. Wannan ya tabbatar da cewa gama mai zuga ne. Sai aka juya kan TNF, wanda aka samu da yawa a cikin tabon MS, kuma toshe shi ya yi aiki ƙwarai a ciwon gaɓoɓi na rumatoyid. Gwajin da aka buga a 1999 na wani magani mai suna lenasef ya zo da akasi: waɗanda aka toshe wa TNF sun fi samun hari. Daga baya aka fahimci kunne biyu ke sauraronsa, ɗaya na kumburi, ɗaya kuma na taimaka wa ƙwayoyin da ke sake ɗinka rigar jijiya. An kori ɓarawo tare da magini. Har yau ba a bai wa mai MS wannan rukunin magani. A 2008 maganin da ke toshe IL-12 da IL-23 tare, wanda ke aiki a wata cutar fata, bai rage tabo ba. Wani kuma da ke toshe kunnen IL-2, daklizumab, ya rage hare-hare har aka amince da shi a 2016, amma aka janye shi a Maris 2018 saboda mummunan kumburin ƙwaƙwalwa da ya jawo wa wasu.

Maigidan ya yi shiru, can ya ce: "Ashe gulma ta, in ka rufe baki guda sai ta hito ta wani."

Agusta 2023: rituksimab

Shawarar da aka yanke ita ce a bar bin saƙo ɗaya-ɗaya, a cire masu aikawa. Rituksimab yana kama wata alama mai suna CD20 a jikin ƙwayoyin B, wani rukunin fararen ƙwayoyin jini, ya share su daga jini na tsawon watanni. Tun 1997 ake amfani da shi a wani nau'in sankarar jini, don haka ana samunsa a inda ake kula da masu kansa, kuma akwai nau'o'insa masu sauƙin kuɗi, har da na Indiya. A Yulin 2023 ɗin nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka shi cikin jerin muhimman magunguna don MS, tare da wasu biyu. A Suwidin an daɗe ana bai wa masu cutar.

Abin da ya ba masana mamaki tun wani gwajinsa da aka buga a 2008 shi ne saurin aikinsa. An san ƙwayoyin B da ƙera antibodi, amma sababbin tabo sun ragu cikin makonni, alhali layukan antibodi na ruwan laka galibi suna nan. Bayanin da ya fito shi ne ƙwayoyin B na mai MS masu zuga ne: suna nuna wa ƙwayoyin T abin da za su kai wa hari, suna fitar da IL-6 da TNF da GM-CSF fiye da kima, IL-10 kuwa kaɗan. In aka share su, bakuna da yawa ne suka yi shiru lokaci guda, kuma sababbin da ke tsirowa daga ɓargo sukan zo da sanyin hali. A cikin ƙwayoyin B ɗin nan ne kuma bairos ɗin Epstein-Barr ke ɓuya har ƙarshen rayuwa, wanda binciken 2022 kan sojojin Amurka sama da miliyan 10 ya nuna kamuwa da shi na ninka haɗarin MS sau 32.

Kafin farawa an gwada ta ciwon hanta nau'in B, domin maganin na iya tayar da wanda ya kwanta, kuma cutar tana da yawa a ƙasar nan. Ba ta da shi, aka yi mata rigakafi. An yi maganar tazarar haihuwa da ita da maigidan tare. Ƙarin ruwa na farko miligiram 1,000, na biyu bayan kwana 14, sannan duk wata shida. A na farko maƙogwaronta ya yi ƙaiƙayi, fuska ta yi ja, aka tsayar na rabin awa aka ci gaba a hankali. Wannan ma saitokin ne, wanda ƙwayoyin da ke mutuwa ke zubarwa. An gama cikin awa shida. Kular ƙanƙara ta koma ta zoɓo.

Maris 2024: harin da ba hari ba

Kwana goma da kama azumi, maigidan ya kira ni da la'asar, murya na rawa: ƙafar ta mutu, idon hagu ya yi hazo, magani ya daina aiki. Aka kawo ta a keke napep. Zafin jikinta 38.4, fitsari na yi mata zafi kwana biyu ba ta faɗa ba. Likitan ya lura babu sabuwar alama ko ɗaya, duk tsofaffi ne suka farka, kowace a inda take da. Gwajin fitsari ya nuna ƙwayoyin cuta. Bai ba ta sitiroyid ba. Ya ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai da farasitamol, ya ce ta sha ruwa sosai, ta ajiye azumi ta rama in ta warke. Kwana huɗu ta miƙe.

Ciwon mara ya tayar da IL-1 da IL-6, su kuma suka ɗaga zafin jiki, ga rana, ga ƙishirwa, tsofaffin jijiyoyi masu facin riga suka tsaya. Wankan jegon 2021 ne ya dawo ta wata ƙofa. Tun daga nan takan jiƙa ɗankwali ta ɗora a wuya in za ta fita da rana, shugaban makarantarsu kuma ya mai da darussanta kafin ƙarfe 11.

Zuwa Agusta 2025

Ƙarin ruwa biyar, babu hari ko ɗaya cikin wata 24. Hoton Agusta 2024 da na Agusta 2025 babu sabon tabo. Idon hagu 6/9, ja har yanzu bai kai na dama kauri ba. Tafiyar mita 7.6 daƙiƙa 7, ba sanda, da takalmin roba mai riƙe idon sawu a cikin safa. Ciwon mara sau biyu, mura mai nauyi sau ɗaya. Ana auna yawan antibodin jininta duk shekara, domin yakan ragu ga wanda ya daɗe kan maganin. Gajiya ba ta tafi ba.

Hukunci

Babbar asarar a wata 14 ɗin farko aka yi ta, tsakanin jan biro da hoton MRI. Raunin ƙafar dama daga harin Nuwamba 2021 ya samo asali, kuma shi ne abin da babu maganin da ya mayar. Ban ɗora laifin kan ruƙiya ko rubutu ba, domin ba su hana ta zuwa asibiti ba, ta je sau shida a tsakanin. Tambaya ɗaya ce ba a yi mata ba: ko wani abu ya taɓa samun idonki? Mace mai shekara 28, ido ya dushe bayan haihuwa, bayan wata tara ƙafa ta mutu, wannan ya isa a tura ta gaba ko babu na'ura.

Jiran mako biyar na gwajin NMO daidai ne, kuma da za a sake sai in ce a sake jira.

Intafiron bai riƙe ta ba saboda abu biyu da suka haɗu. Magani ne mai matsakaicin ƙarfi ga cutar da ta nuna zafinta tun farko, hari uku cikin wata 14 da tabo a laka. Sannan mako takwas na yankewa da kwali mai iyo a kula sun rage ɗan ƙarfin da yake da shi. A ganina, da an fara da rituksimab a Yuni 2022, da filin yana nan, wataƙila da harin Mayu 2023 ma bai zo ba.

Rituksimab ya yi aiki domin ya cire tushen saƙonni da yawa a lokaci ɗaya, bai taɓa TNF ɗin da masu gyara ke bukata kai tsaye ba. Ya kuma dace da garin: sau biyu a shekara, a firjin asibiti, ba a na maƙwabta ba. Amma ƙarfinsa a jini yake, waje da ganuwar ƙwaƙwalwa, kaɗan ne daga cikinsa ke ƙetarawa. A ciki, ƙwayoyin tsaron ƙwaƙwalwa na iya ci gaba da sakin saitokin a gefen tsofaffin tabo, a hankali, ba hari ba zazzaɓi, kuma wannan ne kan rage wa wasu tafiya bayan shekaru ko da hoto bai nuna sabon tabo ba. Shi ya sa ban sallame ta daga sashenmu ba. Duk wata uku takan zo da safe kafin rana ta ɗaga, in shimfiɗa tef a baranda, in danna agogo.